Ciyawar Teku Ta Noma Da Mai Fita Da Kanta: Tambayoyi Da Amsoshi Kan Sinadaran Da Ke Cikinsu

Ciyawar teku ta fara shigowa manyan kantuna da shagunan intanet: faifan nori da ake naɗe shinkafa da shi, garinta a kwalba, da ƙwayoyin ƙarin abinci. Masu talla kan rubuta cewa tasu tsinko ta aka yi a bakin teku, ba nomawa aka yi ba, su ƙara mata kuɗi a kan haka. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi ko wannan ƙarin kuɗi yana da hujja, da abin da ya kamata mai saye ya duba.

Wacce ta fi yawa a kasuwa, ta noma ko mai fita da kanta?

Ta noma, nesa ba kusa ba. Alƙaluman Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya na shekarar 2019 sun nuna an samar da kusan tan miliyan 36 na ɗanyar ciyawar teku, kuma kimanin kashi 97 cikin 100 noma aka yi. Ƙasar Sin ta ba da fiye da rabi, Indonesiya fiye da kashi ɗaya bisa huɗu, sai Koriya ta Kudu da Filifin. Wadda ake tsinkowa ba ta wuce tan miliyan 1 da ɗoriya ba, akasarinta daga Cile, Norwe, Faransa, Ayalan, Kanada da Maroko. A Afirka, Zanzibar ce ta yi suna. Tun 1989 ake noman jar ciyawa iri biyu a can, waɗanda manoma ke kira kotoni da sifinosam, kuma mata ne suka fi yawa a aikin.

Noman nan ba na ƙasa ba ne. Igiya ake ɗaura wa tsiron, a kafe ta da turaku a ruwa marar zurfi, ko a rataye ta a jikin balan-balan a tsakiyar ruwa. Galibi ba a zuba taki. Ruwan da ta kan duwatsu ke sha shi ta kan igiya ke sha, don haka tazarar da ke tsakaninsu ba ta kai yadda mutane ke zato ba.

Waɗanne sinadarai ake magana a kai?

Ciyawar teku gida uku ce, kowane gida da kayansa.

Mai ruwan ƙasa, irin su kombu, wakame, mozuku da hijiki, tana ɗauke da aljinet, fukoyidan, laminarin da manitol (waɗannan biyun sukarin da tsiron ke ajiyewa ne), sai fulorotanin mai ɗan bauri, da fukozantin da ke ba ta launinta. Ita ce kuma ta fi kowa ayodin. Ja, irin su nori da kotoni, tana da karajinan ko aga, da furotin mai yawa, wanda a nori yakan kai kashi 30 zuwa 40 cikin 100 na busasshen nauyi. Mai launin kore, wato dangin Ulva, tana da ulban da furotin matsakaici.

Aljinet, karajinan da aga ba sa narkewa a cikin ɗan Adam yadda sitaci ke narkewa, aikin harza suke yi a hanji. Da yawa cikinmu mun sha su ba mu sani ba: aljinet yana cikin maganin ƙwannafi irin Gaviscon, karajinan yana cikin askirim da man goge baki. Mai kuwa kaɗan ne a jikin ciyawar, kashi 1 zuwa 5 cikin 100 na busasshen nauyi. Ko da yake rabo mai tsoka na man nori omega-3 ne, abin da mutum zai samu a giram 3 bai taka kara ya karya ba. Mai neman omega-3 kifi ya fi masa.

To a taƙaice, wacce ta fi amfani?

Babu wadda ta fi a kowane fanni, kuma kalmar noma ko tsinko ita ce mafi rauni a cikin abubuwan da ke sauya sinadaran. Na farko shi ne irin ciyawar. Ayodin ɗin kombu kan ninka na nori sau 50 zuwa sama da 100, alhali dukansu nomawa ake yi. Bayan iri sai watan da aka girbe, sai shekarun tsiron da sashen da aka yanka, sai ruwan wurin, sai yadda aka busar.

Kuskuren da ya fi yawa a tallace-tallace, har da wasu rubuce-rubucen bincike, shi ne a gwada iri biyu daban a ɗora bambancin a kan noma. Kamar a gwada ramar gona da tafasar daji ne a ce noma ya raba su. Akwai irin da ba a noma shi sam, kamar Ascophyllum, wata ciyawa mai ruwan ƙasa da ke fita a kan duwatsun gaɓa, saboda jinkirin girmansa. Akwai kuma wanda kusan duk na kasuwa noma ne, kamar nori, wanda nomansa ya bunƙasa a Japan bayan da masaniyar tsirrai 'yar Ingila Kathleen Drew-Baker ta gano a 1949 cewa wani mataki na rayuwarsa a cikin ɓawon kifin kwanso yake yin sa. Gwajin da zai yi ma'ana shi ne na iri ɗaya, a wata ɗaya, a ruwa ɗaya.

Me ya sa watan girbi yake da wannan tasiri?

Saboda tsiron yana tara wani abu a wani lokaci, ya ƙone shi a wani. A ɗauki Saccharina latissima, dangin kombu da ake nomawa a Norwe da Sikotilan. Daga Disamba zuwa Afrilu ruwan teku cike yake da naitirojin amma hasken rana kaɗan ne, sai tsiron ya tara furotin da ma'adinai, ya cinye sukarin da ya ajiye. Daga Yuni zuwa Satumba rana ta yi yawa, naitirojin ya ƙare, sai ya koma tara laminarin da manitol. A irin waɗannan manyan ciyayi laminarin kan tashi daga kusan babu a Maris zuwa kashi 20 cikin 100 ko fiye a ƙarshen Satumba.

Manomi ba shi da zaɓin jira. Yana sa igiya a ruwa wajen Oktoba ko Nuwamba, dole ya girbe tsakanin Afrilu da farkon Yuni, domin da zarar ruwa ya yi ɗumi wasu ƙananan halittu sukan shimfiɗa farin ɓawo a kan ganyen su lalata shi. Don haka ta noma takan zo kasuwa tana 'yar wata 6 zuwa 8, mai laushi, mai tsabta, mai furotin, amma laminarin ɗinta kaɗan. Mai tsinko yana iya yanka tsohon tsiro mai shekara 2 ko 3 a Satumba. Wanda ya auna su biyun zai ga bambanci babba, amma wata da shekaru ne suka kawo shi, ba igiya ba.

A ƙasashe masu zafi ma lokaci ne ke hukunci. Ana barin kotoni da sifinosam kwana 45 a ruwa. Wanda ya yanke da wuri don matsuwar kuɗi zai samu karajinan kaɗan, kuma ba ya daskarewa da kyau.

A ina mai fita da kanta ta fi?

A sinadaran kariya. Ciyawar da ke kan duwatsun gaɓa tana shan wuya: ruwa ya janye sau biyu a rana ya bar ta a fili, rana ta ƙona ta, iska ta busar da ita, dodon koɗi ya ci ta. Fulorotanin na cikin abin da take kare kanta da shi. A irin waɗannan ciyayi na gaɓa, kamar Fucus da Ascophyllum, yakan kai kashi 5 zuwa sama da 10 cikin 100 na busasshen nauyi, alhali a dangin kombu da ke nutse kullum bai cika kai rabin haka ba. Jar ciyawar da ke shan rana sosai ita ma tana tara wasu sinadarai masu tare hasken da ke ƙona fata, shi ya sa masu haɗa man shafawa ke nemanta.

Wuri na biyu shi ne ingancin abin da ke daskarewa. Aljinet mafi ƙarfi, wanda ake auduga ta ɗaure rauni da shi, daga karan Laminaria hyperborea yake fitowa, wadda ake yanka a gaɓar Norwe bayan ta shekara da yawa igiyar ruwa na dukanta. Haka aga da ake shuka ƙwayoyin cuta a kai a ɗakunan gwajin asibiti: mafi kyawunsa daga jar ciyawar Gelidium ne, wadda ake tsinkowa a Maroko da Sifen. Gracilaria, wata jar ciyawa ta noma, tana ba da aga mai yawa da araha, amma sai an dafa ta da sinadarin soda kafin ya daskare sosai, kuma akasari a abinci ake amfani da shi.

A ina ta noma ta fi?

Furotin, idan ruwan yana da naitirojin. A Afirka ta Kudu masu kiwon abalon, wani naman kwanso mai tsada, suna noma Ulva a ruwan da ya fito daga tafkunan kiwon. Furotin ɗinta kan zarce kashi 30 cikin 100, alhali ta bakin gaɓa sau da yawa ba ta kai kashi 20 ba. Ana ganin irin wannan a ciyawar da aka rataya kusa da kejin kifin salmon.

Fukoyidan ma, wanda ake yawan tallarsa, manyan hanyoyin samunsa biyu duk noma ne: mozuku na tsibirin Okinawa, da mekabu, wato murɗaɗɗen gindin wakame inda iri ke fita. Mekabu ya fi ganyen wakame ɗin fukoyidan nesa, wanda ke nuna cewa sashen tsiro kaɗai ya isa ya sauya lissafi.

Babbar fa'idar noma ita ce sanin abin da ke hannu. An san shekarun tsiron, zurfin da ya zauna, ranar da aka yanka da ruwan da ya sha. Ana ma iya saukar da igiya ƙasa ko ɗaga ta, domin a haske kaɗan tsiron yakan ƙara fukozantin. Ga mai haɗa abinci ko magani, buhun da ya yi daidai da na jiya ya fi masa buhun da yau ya yi yawa gobe ya yi kaɗan.

Noma yana da nasa ciwon. Idan ruwa ya yi zafi ko gishirinsa ya ragu bayan ruwan sama, kotoni kan kamu da cutar da manoma ke kira ais-ais: reshe ya yi fari, ya yi laushi, ya karye. Wannan ya sa manoman Zanzibar da yawa suka koma sifinosam mai juriya, duk da kuɗinsa bai kai na kotoni ba. Yawan dasa reshe daga uwa ɗaya shekara da shekaru shi ma yana raunana irin.

Ayodin fa? An ce yana maganin maƙoƙo.

Nan ne ya kamata a fi natsuwa. A tokar ciyawar teku Bafaranshe Bernard Courtois ya gano ayodin a 1811, kuma gaskiya ne rashinsa na kawo maƙoƙo. Amma yawansa ma yana rikita ƙwayar tayirod da ke maƙogwaro, ya sa ta yi sanyi ko ta yi gudu fiye da kima, har ya kawo maƙoƙon da ake gudu.

Babban mutum yana buƙatar maikirogiram 150 a rana, mai ciki da mai shayarwa 250. Iyakar da hukumomin Turai suka sa wa babba ita ce 600 a rana, ta Amurka 1,100. Ruwan teku yana da kimanin maikirogiram 60 a lita, amma dangin kombu suna tattara shi har ninki dubu 30. Busasshen kombu kan ɗauki maikirogiram 1,500 zuwa sama da 5,000 a giram guda. In aka ɗauki 2,500, giram ɗaya, wanda bai cika ƙaramin cokali ba, ya ninka buƙatar yini sau 16, ya ninka iyakar Turai sau 4. Wakame yana ƙasa da haka sosai. Nori ya fi su sauƙi: faifai ɗaya mai giram 3 yawanci bai kai buƙatar yini ba.

Noma ba ya kawar da wannan. Saccharina da aka noma a Norwe sau da yawa tana wuce miligiram 2,000 a kilo, wato maikirogiram 2,000 a giram, wanda shi ne iyakar da Faransa ta ba da shawara ga busasshiyar ciyawar ci. A 2009 sai da aka janye wata madarar waken suya daga kasuwa a Ostareliya saboda kombu da aka sa mata ya jawo wa mutane ciwon tayirod, har da jarirai ta hanyar nono. Ga mutumin Kano ko Damagaram da ke amfani da gishiri mai ayodin, garin kombu ba cike giɓi zai yi ba, ƙari ne a kan abin da ya riga ya isa.

Ana iya rage ayodin a gida?

Ana iya rage mafi yawansa, domin yana narkewa a ruwa. A jiƙa busasshiyar ciyawar a ruwa mai yawa, kamar lita 1 ga giram 10, na minti 30, a zubar da ruwan. A sake sa ta a ruwan zafi mai digiri 60 zuwa 80 na minti 2 zuwa 5, a tsame, a ɗauraye da ruwan sanyi, a zubar da wannan ruwan ma. A gwaje-gwajen da aka yi da ɗanyar Saccharina, irin wannan gashi ya cire kusan kashi 90 cikin 100. Ganyen zai rikiɗe daga ruwan ƙasa zuwa kore shar, saboda zafi ya saki fukozantin daga furotin ɗin da ke riƙe da shi. Ba lalacewa ya yi ba.

Kurakurai biyu ake yi. Na farko a dafa ta a cikin miya kai tsaye, sai ayodin ya bar ganyen ya koma romo, a shanye shi duka. Na biyu a yi amfani da ruwa kaɗan, wanda ba zai ɗauke da yawa ba. A kuma sani cewa ruwan yana tafiya da manitol, fotasiyam, bitamin C da wani kaso na fulorotanin, har da ɗanɗanon nan na gulutamet da Kikunae Ikeda ya ware daga kombu a 1908, asalin farin magi. Ko bayan gashi, kombu mai 5,000 zai iya saura da 500 a giram, don haka a ci kaɗan.

Wacce ta fi haɗarin ƙarafa masu guba?

Ciyawar teku tana tsotsar abin da ke cikin ruwan da ta zauna, ko an noma ta ko ba a noma ba. Gonar da ke kusa da bakin kogin masana'antu ta fi dutsen da ke tsibiri mai nisa haɗari. Abin da ya ba ta noma ɗan rinjaye shi ne ana zaɓen wuri, ana gwada ruwa, kuma ba ta daɗe a ciki ba.

Asenik kuwa ya fi bin iri. Yawancinsa a ciyawar teku yana haɗe da sukari, nau'in da bai kai ɗayan guba ba. Hijiki ta fita daban, tana tara nau'in mai haɗari wanda ke da alaƙa da ciwon daji, har hukumar abinci ta Kanada a 2001 da ta Birtaniya a 2004 suka shawarci mutane su daina cin ta. Ma'aunin Faransa ga busasshiyar ciyawa shi ne kada wannan nau'in asenik ya wuce miligiram 3 a kilo, kadmiyam 0.5, dalma 5, makuri 0.1.

Hijiki 'yar gidan Sargassum ce, kuma Sargassum ce ciyawar da tun 2011 take tsibgewa a gaɓar Afirka ta Yamma, daga Saliyo da Gana har Legas. Ba ta ci ba ce. Tana ɗauke da asenik mai yawa, tana ruɓewa tana fitar da iska mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, kuma bai dace a ba dabbobi ko a zuba wa kayan lambu ita ba sai an gwada.

Busarwa tana ɓata sinadaran?

Tana iya share duk bambancin da ake gardama a kai. Ɗanyar ciyawa kashi 80 zuwa 90 cikin 100 ruwa ce, kuma tana fara lalacewa cikin kwana ɗaya ko biyu. Fukozantin, fulorotanin da bitamin C ba sa jure zafi, haske da iska. Shanya a rana tsaka a kan rairayi tana kashe launi, ta cika kayan da yashi, in ruwan sama ya taɓa su kuma ya wanke gishiri da karajinan. Shanya a kan gado a inuwa mai iska ta fi. In da na'ura ce, kada zafin ya wuce digiri 40 zuwa 50. Busarwa ta hanyar daskarewa ta fi kowacce riƙe sinadarai, sai dai tsada. Ayodin da ƙarafa kuwa suna nan daram, busarwa ma tattara su take yi.

Yaya ake gwajin da za a yarda da shi?

A ɗauki iri ɗaya, a mako ɗaya, a zurfi ɗaya, daga sashe ɗaya na tsiron, domin gindin ganye sabo ne, bakinsa tsoho. A kankare duk abin da ya manne a jiki. A ɗauki tsirrai da yawa daga wurare fiye da ɗaya, a maimaita a watanni daban-daban, a busar da su ta hanya ɗaya, a ba da sakamako a kan busasshen nauyi.

Akwai tarko biyu a lissafi. Ana samun furotin ne ta ninka naitirojin da 6.25, amma a ciyawar teku wani naitirojin ɗin ba na furotin ba ne, don haka 5 ta fi kusa da gaskiya. Wanda ya yi amfani da 6.25 a kan ciyawar da ta sha ruwan kiwon kifi zai kumbura adadin. Gwajin Folin da ake auna fulorotanin da shi kuma yana kama wasu abubuwan da ba shi ba, sai adadin ya haura.

Shin fukoyidan da fukozantin suna warkar da ciwon daji ko rage ƙiba?

Yawancin sakamakon da ake yaɗawa daga kwalbar gwaji da ɓeraye ya fito. Gwajin da aka yi a kan mutane kaɗan ne, masu shiga ba su da yawa, kuma babu wanda ya tabbatar da warkarwa. Kada mai ciwon daji ko ciwon suga ya bar maganin asibiti saboda su.

Sifirulinar Tafkin Chadi tana cikin wannan lissafi?

Ba ciyawar teku ba ce, ƙwayar halitta ce mai launin shuɗi-kore da ke rayuwa a tafkunan kanwa na Kanem da kewayen tafkin. Matan Kanembu sun daɗe suna kwasar ta, su zuba a ramin yashi ruwan ya tsane, ta bushe, su yanka ta gutsi-gutsi da ake kira dihe, a yi miya da ita. Amma tambayar noma da tsinko ta shafe ta. Halitta ɗaya ce da wadda ake nomawa a kwamin siminti, furotin ɗinta kan kai kashi 60 cikin 100, kuma ba ta da ayodin irin na kombu. Matsalar ta tafki ita ce yashi, ƙazantar dabbobi, da yiwuwar gaurayuwa da wasu ƙwayoyin masu guba ga hanta. Tace ta da kyalle mai laushi da shanya a kan tire maimakon yashi suna rage biyun farko. Bitamin B12 da ake cewa tana da shi akasarinsa nau'in da jikin mutum ba ya amfana da shi ne.

Wa ya kamata ya yi hattara, kuma me za a duba a jikin leda?

Mai ciwon tayirod, mai ciki, mai shayarwa da ƙananan yara su guji kombu da garinsa sai da shawarar likita. Mai ciwon ƙoda ya kula da fotasiyam, mai hawan jini ya kula da gishirin da ke ciki, mai shan maganin tsinka jini irin wafarin ya sanar da likitansa kafin ya mayar da ita abincin kullum.

A jikin leda a nemi sunan irin, ƙasar da ta fito, adadin ayodin a giram, da shaidar gwajin asenik da kadmiyam. Kwalbar da aka rubuta wa ciyawar teku kawai, ba suna ba adadi, a bar ta a kanta. Bayan an buɗe, a zuba a mazubi mai murfi da ba ya shan iska, a ajiye a wuri mai duhu da sanyi. Farin gari a jikin kombu manitol ne, ba lalacewa ba ce, amma nori da ya koma ruwan hoda ya yi laushi ya sha danshi, ɗanɗanonsa da launinsa sun riga sun tafi.